Shuɗiyar Rumfa a Setapak

Inna ce ta fara ganin motar. Tana tsaye a bakin tagar falonmu da jaririyata a kafaɗa tana jijjiga ta, sai na ji ta ce, "Ke, zo ki gani. An fara."

Na taso da ƙyar, don a lokacin ina cikin jego, kuma Inna ba ta wasa da ruwan zafi, kullum jikina a dafe yake. Na leƙa. Can ƙasa, a layin da ke gaban benenmu na unguwar Setapak a Kuala Lumpur, wasu maza ne cikin riguna masu ruwan ɗorawa suna yashe kwata suna zuba dattin a mota. Wani kuma yana bin gefen titi da bokiti yana shafa fenti baƙi da fari.

Na ce, "An fara me, Inna?"

Ta ce, "Zaɓe mana. Ke yarinya ce? Yaushe kika taɓa ganin an yashe kwata haka kawai saboda Allah?"

Ban yi mata musu ba, don wallahi ni ma abin da ya fara zuwa raina ke nan.

A ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin da ke kewaye da Abuja na tashi. Ba zan faɗi wacce ba, saboda mutanen da ke cikin labarin nan suna nan da ransu, wasu har sun je Makka sun dawo ana ce musu Alhaji. A can ba sai rediyo ta gaya mana zaɓen ciyaman da kansiloli ya matso ba. In aka wayi gari tankar ruwa ta shigo unguwa ba wanda ya kira ta, an sani. In aka zo aka haƙa burtsatse, kowa zai cika randa da jarka da duk abin da ke riƙe ruwa, don bayan an gama ƙirga ƙuri'a kan famfon zai yi ƙafa. Ƙannen Inna suna warwatse a sauran ƙananan hukumomin, kuma da lokacin ya zo sai su yi ta aiko wa juna labari. Wannan ta ce a wajensu an raba atamfa, waccan ta ce an zuba tsakuwa a hanyar kasuwa amma ta tsaya a daidai ƙofar gidan mai unguwa. Suna yi suna dariya, Inna kuwa ba ta dariya.

Inna mai waina ce a da. Da tanda ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, a bakin tasha, ƙarƙashin wata tsohuwar rumfar zana da ke yoyo. Wata shekara wani mai neman kansila ya raba wa matan tasha sababbin rumfuna, duk launin jam'iyyarsa. Ba hoto a jiki, ba rubutu. Inna ba ta ma san fuskarsa ba. Damina ce ta matsa mata, ta karɓa, ta sa aka kwashe tsohuwar zanar aka ƙona. Mutumin ya faɗi zaɓe. Washegarin faɗin sakamako yaran wanda ya ci suka biyo ta tasha suna murna, duk rumfar da suka gani mai wannan launi sai su yaga su ture. Suka ture ta Inna a kan wuta. Tandarta ta ƙasa ta fashe, mai ya zubo mata a ƙafa, har yau tabon yana nan daga idon sawu zuwa yatsu. Daga ranar Inna ba ta sake riƙe ludayin waina ba, sai ta koma ɗinkin hula a cikin gida. Ni ma da baki ta koya mini suyar, tana zaune daga nesa tana cewa in rage wuta, in ƙara kanwa, in bar ƙullun ya tashi.

To, da wannan idon muke kallon masu yashe kwata a Kuala Lumpur.

Karatun digiri na uku ne ya kawo maigidana, ni kuma na biyo shi. Shekarata ta farko a garin nan ba na son tuna ta. Shi ya fita tun safe, ni na zauna tsakanin bango huɗu ina jin ƙarar jirgin ƙasa daga nesa. Har magana nake yi da tukunya. Wadda ta fitar da ni daga wannan hali ita ce Makcik, haka ake kiran duk mace dattijuwa a nan, kamar a ce Gwaggo. Tana da tebur a layin masu abinci na ƙasan benenmu, tana sayar da shinkafar kwakwa da soyayyar ayaba. Wata rana na kai mata waina a faranti, don ta sha ba ni abu kyauta. Ta juya ta, ta shinshina, ta ci, ta ce ai danginsu ce, su ma suna da mai kama da ita. Da ta ga yadda ɗaliban Najeriya ke wucewa ta gabanta kullum, sai ta share ƙarshen teburinta, ta nuna mini kan murhun da ba ta amfani da shi, ta ce, "Boleh." Wato ya yiwu.

Teburin nata ne, izinin hukuma nata ne, ni ɗan gefe kawai aka ba ni. Amma a ɗan gefen nan na koyi gaisuwar Malay, na san sunan kifi, na san wane ɗalibi ne bai ci abinci ba tun jiya. Yaran Kano da na Kaduna su zo su ce a yi musu tapau, wato a ƙulle musu su tafi da shi, su tsaya su cika ni da surutu. Ba ni da wani wuri a ƙasar nan da ake cigiyata in ban zo ba sai nan.

Da haihuwa ta matso, Makcik ta kife wata roba a wurina. Ta ce su ma mace ba ta fita sai ta huta, in je in yi arba'in ɗina. Amma ta gaya mini gaskiya cewa 'yar maƙwabciyarta tana son wurin don ta sa kular lemo, uwar kullum tana yi mata magiya. Za ta riƙe mini har in gama, bayan nan kuma ba za ta iya ci gaba da ce wa maƙwabciya a'a a kan roba ba. Na ce ai ranar da na yi arba'in, washegari za ta gan ni.

Ana sauran 'yan kwanaki in fita ne masu kwatar nan suka zo. Bayansu masu fitilun titi suka zo. Sannan wata safiya aka sauke ƙarafa daga babbar mota, kafin azahar duk tarkacen lema da tamfol na masu abincin layinmu ya ɓace. A wurinsu aka kafa rumfuna sababbi ƙal, tsayinsu ɗaya, duk shuɗaye.

Inna ta daɗe a bakin taga. Da ta juyo sai ta ce, "Ba za ki zauna a ƙarƙashin wancan abin ba."

Na ce, "Inna, nan fa ba gida ba ne."

Ta ce, "Shi ya sa. A gida ma da nake da dangi da katin zaɓe me aka bar mini? Ke da ba ki da ko ɗaya? Ranar da mai shuɗi ya faɗi, wa za a fara turewa, 'yar gari ko baƙar fatar da ke ƙarshen tebur?"

Na so in yi gardama, amma na fasa. Na ce bari dai in bincika.

Da yamma Makcik ta hawo duba jaririya, ta kawo mana miyar kaza mai citta. Ni da ita da guntun Turanci da guntun Malay muke magana, sauran kuma da hannu. Na tambaye ta wa ya ba su rumfuna. Ta ce mutanen ofis. Na ce wane ne babbansu, me yake nema? Ta ce ba ya neman komai lah, wannan "lah" ɗin da mutanen nan ke rufe magana da shi. Na ce to yaushe ne zaɓen? Sai ta kalle ni, ta fashe da dariya har tana riƙe gefen ɗankwalinta, ta ce wane zaɓe?

Inna ba ta jin ko kalma ɗaya, amma dariyar ta ji. Bayan Makcik ta fita ta ce, "Kin gani? Da aka zo kan maganar sai ta kawar da ita da dariya. An ja musu kunne."

Na tambayi maigidana. Shi mutum ne da in ka tambaye shi launin ƙofar gidanmu sai ya fita ya duba. Ya ce bai ji ana maganar zaɓe ba, amma zai tambaya a makaranta. Ya dawo ya ce abokan karatunsa sun ce babu wani zaɓe a gaba. Inna ta ce, "Allah sarki, ɗan nan. Kai baƙo ne, kai za su gaya wa?" Ya yi murmushi ya shige ɗaki da littattafansa. Ranar har haushinsa na ji.

Na yi arba'in. Washegari ban sauka ba. Na aika wa Makcik cewa jikina bai gama warwarewa ba, ƙarya ce kuma, ita ma ta san ƙarya ce, don ta gan ni ina shanya a baranda.

A maimakon teburin, sai muka fita da Inna wai sayen tsaraba. Ni na san ba tsaraba ce ta fitar da ita ba. Tun a cikin bas take bin bango da ido tana neman hotunan 'yan takara. Ba ko ɗaya, sai tallan waya da na makarantu. Na ce, "Kin ga Inna, ko hoto babu." Ta ce, "A wajenmu shekarar da ba a manna hotuna ba, ai shekarar ce aka rubuta sakamako tun kafin a kawo akwati. Shirun ne abin tsoro." Ni ma na tuna shekarar.

Muka sauka Chow Kit, kasuwar kifi da kayan miya, inda mutum ba ya iya miƙe hannu saboda cunkoso. Muna shan kwana Inna ta damƙe mini hannu har sai da na ce wash. A bakin wani layi, rumfuna ne sababbi, ƙirarsu ɗaya da namu, amma waɗannan jajaye.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya tona. Ga abokin hamayyar nan. Kowace unguwa da nata ɗan takarar."

Wallahi a wannan lokacin na yarda ɗari bisa ɗari. Na tsaya ina kallon jajayen rumfunan nan. Na tambayi wani mai sayar da albasa wa ya kawo su, ya ɗaga kafaɗa ya ce ofis. Kalma ɗaya da ta Makcik! Na ce a raina lallai an haɗa baki. Daga nan muka gangara Jalan Tuanku Abdul Rahman, layin masu yadi, Inna tana taɓa mayafai amma idonta yana waje. A can ba mu ga sabuwar rumfa ba, sai ta ce wannan mazaɓar an riga an gama da ita, ba sai an kashe mata komai ba. Duk abin da muka gani sai ya zama shaida, wanda ba mu gani ba ma haka.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ina kallon robar nan daga sama tana kife a ƙarshen teburin. Ɗalibai suna aiko tambaya ta wajen maigidana, wai ina waina. Makcik ta daina hawowa. In mun haɗu a ƙofar lifta sai ta shafa kan jaririya ta wuce, ba ta tambayar komai. Wannan shirun ya fi mini ciwo a kan ta yi faɗa.

Cikin masu sayen wainata akwai wani dattijo ɗan Filato, Kirista, malamin jami'a da ya daɗe a garin nan har 'ya'yansa ba sa amsa Hausa sai da Turanci. Muna ce masa Dokta. Wata Asabar ya zo da matarsa yi mana barka. Bayan gaishe-gaishe ya ce, "Uwar gida, kin sa mun koma cin burodi. Yaushe za ki dawo?"

Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Sai bayan zaɓe."

Ya ce, "Wane zaɓe, Mama?"

Ta ce, "Na ciyaman da kansiloli. Kai ma ɓoye mana za ka yi? Kai fa namu ne."

Dokta bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ajiye kofinsa ya ce shi ma ya zauna a Abuja, ya san abin da take nufi, ya san tankar ruwa da atamfa. Har suka ɗan taɓa hirar zaɓukan can, wace shekara aka yi ruwa aka jiƙa akwatuna, wace ƙaramar hukuma ce aka kwana ana jiran sakamako. Sannan ya ce, "Amma Mama, a garin nan ba a zaɓen kansila. Ba a zaɓen ciyaman. An daina tun ba a haifi wannan 'yar taki ba, tun da daɗewa. Magajin gari naɗa shi ake yi daga sama. Suna zaɓen 'yan majalisar ƙasa, wannan kam suna yi, kuma in ya zo ba sai an gaya miki ba, tutoci za su rufe titi. Amma kwata da rumfa aikin ofis ne."

Na ji kamar an sauke mini kaya. Na juya ina murna, ina cewa, "Inna kin ji? Babu mai shuɗi, babu mai ja!"

Fuskarta ba ta saki ba. Ta ce, "Dokta, tsaya. Kana nufin babu wanda ke neman ƙuri'ar matar nan mai shinkafa a kan rumfar?"

Ya ce, "Babu."

Ta ce, "To in ba ƙuri'a yake nema ba, me yake nema?"

Ya ce wataƙila tsafta, ko tsari.

Ta ce, "Wanda ya ba ni tawa aƙalla na san abin da yake so, na san ranar da zai zo karɓa. Wannan fa? Wanda ba ya buƙatar komai a wajenka, ranar da zai ɗauke abinsa sallama zai yi maka?"

Dokta ya sake ɗaukar kofinsa. Matarsa ta ce masa, "To, amsa mata mana, malami." Ya miƙe ya yi mana sallama. Suka tafi, suka bar ni da Inna da ta fi da tsoro.

Washegari da safe na leƙa taga. Babu roba. A ƙarshen teburin Makcik wata kula ce babba mai ruwan ganye, da yarinya a bayanta tana jera kofuna.

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Na ce, "Shi ke nan, hankalinki ya kwanta? Babu wanda ya ture ni, ke kika ture ni! Ke za ki koma gida wajen 'yan uwanki, ni za ki bari a ɗakin nan ina magana da tukunya. Su waɗancan sun hana ki suya, yanzu ke kuma kin hana ni. Har yaushe za mu yi ta gudun yaran da suka riga suka tsufa?" Ina faɗa ina kuka, jaririya ma ta kama. Maigidana ya fito ya tsaya a ƙofa da biro a hannu, ya rasa wa zai ba haƙuri.

Inna ta kalli ƙafarta. Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zaci kwanciya za ta yi, sai ga ta ta fito da mayafinta da takalmi, ta buɗe ƙofa ta fita. Matar da ba ta taɓa shiga lifta ita kaɗai ba! Na goya yarinya na bi ta a guje.

Na same ta tsaye a gaban teburin Makcik, amma daga waje, a rana, ko inuwar rumfar ba ta bari ta taɓa ta ba. Makcik tana juya ayaba a mai, ta ɗago ta kalle mu, ba fara'a ba ɗaure fuska. Inna ta ce mini, "Faɗa mata abin da zan faɗa, kada ki rage kada ki ƙara. Ce mata ni na hana ki. Ce mata ba ita muka raina ba."

Na faɗa. Makcik ta ce ita ta ɗauka ko ƙyamar abincinta uwata take yi, ko kuma mun samu wurin da ya fi nata. Na fassara. Inna ta ce subhanallahi, ta kama haɓa. Sai ta nuna rumfar da yatsa, ta cire takalmi ta ɗan ɗaga zaninta, ta nuna tabon. Ta ba da labarin tasha, ina bin ta da guntun Turancina da guntun Malay, inda kalma ta ƙare mini sai hannun Inna ya ƙarasa. Ta nuna yadda aka yaga, ta nuna yadda aka ture. Yarinyar lemo ta saki baki tana kallo.

Makcik ta kwashe ayabarta, ta rage wuta, ta goge hannu. Ta daɗe tana kallon ƙafar Inna. Ni na riga na shirya jin dariyar nan tata, ko ta ce nan ba ƙasarku ba ce. Sai kawai ta durƙusa, ta sa hannu can ƙarƙashin tebur, bayan tukunyar gas, ta jawo wani buhun shinkafa ɗaure da igiya. Ta kwance. Tsohon tamfol ɗinta ne, wanda na zauna a ƙarƙashinsa shekara guda, koɗaɗɗe mai faci a tsakiya, an naɗe shi tsaf, igiyoyinsa suna jikinsa.

Na ce, "Makcik, na ɗauka sun kwashe."

Ta ce na sauran suka kwashe. Ita ranar da ta ga motar tun asuba ta kwance nata ta ɓoye. Ta ce wannan ne wuri na uku da take kafa tebur a garin nan. Na farko an yi titi a kansa, na biyu an yi bene. Kowane kuma sai da aka gyara shi ya yi kyau kafin a ce su tashi. Ta ɗaga kai ta kalli shuɗiyar rumfar ta ce, "Wannan tasu ce lah. Wannan nawa ne."

Ban gama fassarawa ba Inna ta riga ta gane. Ta sa hannu ta shafa facin, ta ja igiyar ta ji ƙarfinta. Ta ce, "Kin ji mai hankali. Ni ƙona tawa na yi." Sai ta gyara mayafi.

Makcik ta ce ba za ta kori yarinyar ba, ta riga ta ba uwarta magana. Na ce na sani, laifinmu ne. Sai ta miƙa wa Inna gefe ɗaya na tamfol ɗin, ita ta riƙe ɗaya. Suka ɗaura igiya biyu a ƙarfen sabuwar rumfar, biyu kuma a jikin bishiyar da ke bayan teburin. Ba su jin yaren juna amma har gardama suka yi a kan ƙulli, kowacce tana kwance na 'yar uwarta tana sake nata. Aka jawo wani ɗan benci aka ɗora murhun a kai. Wurin bai kai rabin na da ba, kuma rana tana shigowa ta gefe.

Na ce, "In mutanen ofis suka zo fa?"

Makcik ta ce, "Sai mu naɗe. Ba ya ɗaukar lokaci."

Ban yarda da mutanen ofis ba, har yau ma ban yarda da su ba, duk motar da ta tsaya a bakin layin sai na bi ta da ido. Amma a daren ranar na jiƙa shinkafa, na niƙa, na kwaɓa ƙullu.

Da safe muka sauko, ni da goyo da bokitin ƙullu, Inna da tanda, wai taya ni ɗauka kawai za ta yi ta koma sama. Na kunna wuta, na zuba mai. Ban kai ga zuba ƙullu ba yarinya ta tsala kuka, yunwa. Ga ɗalibai biyu sun riga sun tsaya suna cewa, "Anti, kin dawo!" Na rasa wanda zan fara da shi. Na zauna a gefen benci na juyo da ita gaba, mai yana ta hayaƙi.

Inna ta ce, "Man nan zai ƙone."

Na ce, "Bari in gama ba ta."

Ta sake cewa, "Zai ƙone fa." Ta ɗaga kai ta kalli tamfol ɗin, ta bi igiyoyin da ido har zuwa bishiya. Sannan ta matso ƙarƙashinsa, ta ja kujerar roba ta zauna, ta maƙale mayafinta a hammata. Ta ɗauki ludayin. Zubin farko ya zuba a gefen tanda. Na biyu ya faɗa daidai. Kafin ta cika gurbi na ƙarshe hannun ya tuna aikinsa, ta sa tsinke ta juya ta farko, ta fito ja, gefenta ya yi ƙus-ƙus. Makcik ta leƙo ta ɗauki ɗaya da zafinta ba ta tambayi kowa ba.

Ni dai na sunkuyar da kai a kan yarinyata, hawaye yana ɗiga a goshinta. Inna ba ta kalle ni ba. Ta ɗebo ƙullu ta ɗaga ludayin sama ta bar shi ya zubo, ta ce, "Wa ya koya miki kwaɓi? Ƙullun nan ya yi ruwa."